Tantancewa ta ɗauki kaya da yawa: mu nemo sunan "recognition" da Hausa

1/ Ina neman taimakon malaman harshe, da 'yan jarida, da duk wanda ya taɓa dawowa da kwali daga wata ƙasa. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai: abin da Turawan Ingila ke cewa recognition, Faransawa su ce reconnaissance. Wato hukumar wata ƙasa ta ce digirin da ka yi a waje yana aiki a wurinta.

2/ Ga mafarin zancen. Ɗan yayata ya gama jami'a a wata ƙasa maƙwabciya, ya dawo, aka yi walima. Wata biyu yana zaune, takardunsa na cikin jakar leda a ƙarƙashin katifa, bai tafi bautar ƙasa ba. Ran nan Yaya tana tankaɗe gari ta ce mini, "Wai Malam, me ake jira ne?" Na ce ana tantance takardunsa. Ta ajiye rariyar ta dube ni. "Ba kai ka ce mini an tantance makarantar ba tun kafin in sayar da filina? Tantancewar sau nawa ake yi?" Wallahi na rasa abin faɗa, domin gaskiya gare ta. Abu biyu daban na kira mata da suna ɗaya.

3/ Kai, uku ne ma. Akwai duba makaranta da kwas ɗin da take koyarwa. A Najeriya aikin hukumar jami'o'i ta NUC ne: ta tura malamai su ga ɗakin karatu, da ɗakin gwaje-gwaje, da yawan malamai, sannan ta ba kwas ɗin cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. Wannan shi ya cancanci sunan tantancewa, ina ganin a bar masa kayansa. Akwai kuma auna darajar takarda, a ce wannan ta can daidai take da wace a nan. Sai na ukun, wanda nake nema wa suna.

4/ Na biyun bai ba ni wahala ba. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Azhar da Sudan da Madina sun daɗe suna cewa mu'adala, kuma bakin Bahaushe ya saba da ita. A barta.

5/ Aikin mu'adala ba ƙidayar shekarun jami'a ba ne kawai. Ɗan Nijar yana yin lasisi, wato digirin farko, a shekara 3, a tsarin nan na LMD (lasisi, masta, dokta), ɗan Najeriya kuma yawanci shekara 4 yake yi a digirin farko. Mai gaggawa sai ya ce na Nijar ya gaza. To amma ɗan Maraɗi shekara 13 ya yi kafin ya ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, ɗan Katsina kuwa 12 ya yi kafin ya gama sakandare. Haɗa ka gani, 16 ne duka. Mudu biyu ne, hatsin ɗaya.

6/ To, mu koma kan recognition. Ganewa fassarar ƙamus ce, ba ta shiga. Wa zai ce gwamnati ta gane digirina? Halattawa kuma tana nuna kamar da can haram ne, alhali yaro ya yi karatunsa da guminsa. Amincewa ita ce ta fi kusa, kuma ita 'yan jarida suka fi ɗauka, sai dai ta yi faɗi: majalisa ta amince da kasafin kuɗi, uba ya amince da aure, NUC ta amince da kwas. In muka ƙara mata wannan, mun koma ramin da Yaya ta same ni a ciki.

7/ Shawarata ita ce karɓuwa. Karɓuwar digiri, ko karɓuwar takardar shaida, ko a hirar majalisa a ce karɓuwar kwali.

8/ Wani zai ce ai akawu ma yana karɓar takarda ya jefa a durowa. Haka ne, shi ya sa na guji "an karɓa". Hausa ta riga ta raba mana su. An karɓi takardarsa, wannan hannu ne ya amsa. Takardarsa ta karɓu, wannan daraja ce ta tabbata. Haka muke cewa addu'a ta karɓu, ko malami ya samu karɓuwa a gari. Ga shi kuma tana juyuwa yadda ake so: ta karɓu, ba ta karɓu ba, karɓaɓɓen digiri.

9/ Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi a wurina. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, wadda Majalisar Turai (Council of Europe) da UNESCO suka tsara, ta kafa ƙa'ida cewa a karɓi takardar da aka kawo daga waje, sai fa in hukuma ta nuna akwai babban bambanci tsakaninta da ta gida. Nauyin kawo hujja yana kan mai ƙin karɓa. Afirka tana da tata, ta Arusha ta 1981, wadda aka sabunta a Addis Ababa a 2014, ta fara aiki a 2019. Ta duniya baki ɗaya kuma UNESCO ta zartar da ita a 2019, ta fara aiki a 2023. Tantancewa tana farawa ne da zargi. Karɓuwa tana farawa da haƙƙin ɗalibi, kuma ruhin waɗannan yarjejeniyoyi ke nan.

10/ 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu shiga irin wannan haɗin gwiwa. A Yamai aka kafa CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu, kuma tun 1972 ƙasashenta suka ƙulla yarjejeniya a Lome kan karɓar digirin juna.

11/ Ban ce a buɗe ƙofa ba mai gadi ba. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da duba digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano cikin kusan mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Abin ya yi mini ciwo ta fuska biyu: ga masu sayen kwali, ga kuma yaran da suka zauna aji shekara da shekaru, hukuncin ya haɗa da su. A lokacin iyaye da yawa sun ɗauka an soke karatun 'ya'yansu ne gaba ɗaya. Da muna da kalmomin a rarrabe, da an faɗa musu a jimla ɗaya: karɓuwar ce aka dakatar, sai an tabbatar wace makaranta ce aka tantance da gaske.

12/ Saura guda da ban gamsu da ita ba, wato wancan "babban bambanci" na yarjejeniyar Lisbon. Babba yana nuna girma ne, alhali abin da ake nufi shi ne bambancin da zai hana mutum iya aikin ko ci gaba da karatun da ya nema. Na gwada bambanci na ainihi, na gwada bambanci mai hanawa, kunnena ya fi kwanciya da na biyun. Mutanen Damagaram da Tawa da Yamai, ku da kuke yawo da takardun équivalence (mu'adala) a ofisoshi, me kuke ce masa in kuna yi wa iyayenku bayani a gida?