An Ɗage Kulle, Zuciya Ba Ta Fito Ba

Dattijon Gwammaja

Assalamu alaikum, ma'abota waƙa. Yau Litinin, 6 ga Yuli 2020, kwana huɗu ke nan da gwamnatin Kano ta ɗage dokar kullen korona wadda ta tsare mu tun tsakiyar Afrilu, amma ni har yanzu ban wuce bakin zaure ba. Shekaruna 67, ina fama da ciwon suga, kuma yayana yana cikin dattawan da aka binne kwanaki kaɗan kafin azumi. Abin da na kasa faɗa wa 'ya'yana da baki shi na zuba a waɗannan baitoci, ina roƙon a amsa mini da irinsu.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Wanda bai taɓa barin bawansa ba.

An yi shelar ɗage kulle a birni,
Zuciyata ba ta ji shelar ba.

Na sa riga, na ɗora hula,
Na kai zaure, ban ƙetare ba.

Ƙofar da na yi wa kuka a Afrilu,
Yau an buɗe ta, ban yi murna ba.

Adaidaita na ta kai-kawo a titi,
Ko guda ban ɗaga wa hannu ba.

In na ji tari a bayan katanga,
Sai barci ya ce bai san ni ba.

Yayana, mun yi hira da La'asar,
Bai ga jinjirin watan azumi ba.

Mu tara muka sallace shi,
Ko zaman makoki ba mu yi ba.

Masu haƙa kabari a Ɗandolo sun jigata,
Irin wannan ba su taɓa gani ba.

'Ya'yana suna cewa in fito,
Ban san amsar da zan ba su ba.

Shin raunin imani ne ya kama ni,
Ko hankali ne bai gamsu ba?

Ɗan Kwari

Baba, Allah ya jiƙan yayanka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, kuma da izininka na ari ƙafiyarka domin in nuna maka ɗaya gefen tabarmar.

Baba, na ji kukanka da kyau,
Amma kai ma ba ka ji nawa ba.

Mu 'yan hannu-baka-hannu-ƙwarya,
Kulle bai zo mana da sauƙi ba.

Litinin da Alhamis aka ba mu,
Rabin yini bai cika tukunya ba.

Na sayar da waya na auno gero,
Geron bai kai mu Sallah ba.

Atamfa tana jibge a shago,
Ba ta taɓa zama tuwon dare ba.

Baƙinmu na Maraɗi da Damagaram,
Tun rufe iyaka ba su leƙo ba.

Kullum ana ƙirga na korona,
Na yunwa ba a ƙirga su ba.

Ranar da aka ce a buɗe kasuwa,
Ban tsaya neman hula ba.

Fito, Baba, ajali ɗaya ne,
Zaure bai taɓa tsare kowa ba.

'Yar Asibiti

Baba, sannu da haƙuri. Ƙanina Ɗan Kwari, yunwar da ka ambata gaskiya ce, kuma ba wanda zai musa ta, amma baitinka na ƙarshe ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so mu tuna cewa a watan Yunin da ya wuce ministan lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken mace-macen Kano ya ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na waɗannan rasuwar mai yiwuwa korona ce ta jawo su. Akasarinsu dattawa ne masu ɗauke da wani ciwo tun da farko. Ke nan mutumin da ya haura sittin, yake da ciwon suga, ya kuma binne ɗan'uwansa a wancan lokaci, ba zai fito da ƙafar da saurayi zai fito da ita ba, kuma bai kamata a tura shi ba. Abin da nake gani shi ne a koma wa gari kaɗan-kaɗan, kamar yadda majinyacin da ya daɗe a kwance yake koma wa tafiya. Na sauya ƙafiya, a gafarce ni.

Baba, tsoronka ba ciwo ba ne,
Ba kuma raunin imani ba ne,
Idon da ya ga abin da ya gani ne
Yake ce maka ka yi hattara.

Gwamnati ta buɗe hanyar kasuwa,
Don gari ba ya rayuwa da yunwa,
Ba ta ce cutar ta yi ƙaura ba kuwa,
Wannan shi ne farkon shawara.

Kada ka fara da ɗaurin aure,
Fara da taku ashirin daga zaure,
Gobe ka ƙara goma, ka daure,
Ƙafa za ta tuna in an fara.

Ka fita da hantsi kafin cunkoso,
Takunkumi a fuska ko ba ka so,
In mai gaisuwa da hannu ya taso,
Ɗora naka a ƙirji, ya isa ishara.

Maganin suga kada ya yanke,
Hannu da sabulu kullum a wanke,
In ka ji numfashi ya ƙi ya sake,
Kada a bari sai gobe, a yi kira.

Rediyon nan ka yanka masa lokaci,
Alƙaluman dare suna korar barci,
Ka ji sau ɗaya bayan cin abinci,
Sauran yinin ka buɗe sura.

Ni da nake faɗa maka wannan,
Nakan tsaya a ƙofar gidanmun nan,
In tuɓe kayan aiki, in yi wanka, sannan
In ɗauki 'yata da ke ta jira.

Baitin rediyo ba wasa ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, takan fitar da adadin sababbin waɗanda suka kamu ne can cikin dare, kuma ni kaina na shafe makonni ina zaman jiransu da waya a hannu, har sai da na lura cewa sanin adadin a wannan sa'a ba ya kare ni daga komai, barcina kawai yake cinyewa.

Almajirin Soro

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Yaya 'Yar Asibiti ta amsa ta fuskar jiki, ni kuma zan taɓa tambayarka ta ƙarshe, wadda na ga ita ce ta fi ci maka rai. Ƙissar da zan kawo sananniya ce a littattafan hadisi: tafiyar Sayyadina Umar zuwa Sham a zamanin annobar Amwas, inda bayan ya yanke shawarar komawa Madina sai Abdurrahman bin Auf ya zo ya shaida cewa ya ji Manzon Allah (SAW) yana hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, yana kuma hana waɗanda ke cikinta fita domin gudu. Ko a bana ma mun ji hukumomin Saudiyya sun taƙaita aikin Hajji ga 'yan kaɗan daga mazauna ƙasar, kuma maniyyatanmu sun haƙura sun zauna.

Baba, tambayarka ta girmi kullen nan,
An yi ta tun Sahabbai na duniya.

Umaru ya nufi Sham da jama'a,
Labarin annoba ya tare shi a hanya.

Ya tara mutane ya ji ta bakinsu,
Sannan ya ce da safe a juya baya.

Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddara?
Umaru ya amsa shi da gaskiya:

Daga ƙaddarar Allah muke gudu,
Zuwa ƙaddararsa, Ubangiji ɗaya.

In ka sauka kwari da raƙumanka,
Ga dausayi, ga fako mai wuya,

Duk inda ka zaɓa ka yi kiwo,
Da ƙaddarar Allah ka yi, ba ƙarya.

To wa zai kira Umaru matsoraci?
Mai faɗin haka sai ya ji kunya.

Ɗan Kwari, ajali ɗaya ne, na yarda,
Amma da guga ake auna rijiya.

Baba, kai ma ga naka kason,
Kada tsoro ya yi sarauta a zuciya.

Ɗaure raƙumi aka ce, ka dogara,
Wa ya ce ka kwana riƙe da igiya?

Uwar Biyu

Ina gaishe ku gaba ɗaya. Maza suna maganar titi da masallaci, mu kuwa namu zullumin yana cikin dangi, domin duk bukukuwan da kulle ya danne sun miƙe a lokaci guda, kuma a wajenmu rashin halartar biki laifi ne da ake daɗewa ba a yafe ba.

Ni ba tari kaɗai nake tsoro ba,
Har da bakin 'yan zumunci.

Katin biki uku suna kan tabarma,
Duk an ɗago su zuwa wannan lokaci.

In na je, in kwana ina lissafi,
In ban je ba, a ce wulaƙanci.

Na ce wa ƙanwata zan aiko gudummawa,
Ta ce ba a biki da wakilci.

Tsohuwata tana ɗaki da hawan jini,
In na kwaso mata, ni ce mai sakaci.

Na yanke in je da safe in gaishe su,
In dawo kafin a sauke abinci.

Wadda ta ji haushi ta yi haƙuri,
Gara ɗacin baki da na maraici.

Akwai kuma abin da ban iya sakawa a baiti ba. Duk da wahalarsa, na saba da shirun kulle, har ma yanzu hayaniyar taro takan sa gabana ya faɗi ko da ba na tunanin cuta. Na faɗi wannan ne saboda ina zaton ba ni kaɗai ba ce.

Ɗan Kwari

Baba, na karanta amsar Yaya da ta Malam, kuma na ga cewa na auna ka da mudun da ba naka ba. Na janye baitina na ƙarshe.

Baba, ka yafe mini kaifin baki,
Yunwa ce ba ta koya mini ladabi ba.

Gaskiya ni ma ina da takunkumi,
Yana aljihu, ban ɗaura ba.

In na sa, 'yan layinmu su yi dariya,
Su ce wai ban yarda da Allah ba.

Gobe zan sa shi in buɗe shago,
Dariyarsu ba ta taɓa ciyar da ni ba.

Dattijon Gwammaja

Yau Lahadi, 12 ga wata. Na yi shiru ne domin in gwada abin da kuka ba ni kafin in yi godiya a kansa. Ɗan Kwari, ba ka yi mini laifi ba, yaro, domin ni fansho nake jira a ƙarshen wata, kai kuwa sai ka fita za ka ci. 'Yata 'Yar Asibiti, na bi lissafinki, har jikana ya mai da ƙirga takuna wasa. Malam, maganar igiyar nan ta kwana da ni dare biyu. Uwar Biyu, ba ke kaɗai ba ce. Ga abin da ya samu.

Ran Talata na yi taku ashirin,
Gabana bai daina faɗuwa ba.

Laraba na kai gindin darbejiya,
Na zauna, ban yi saurin tashi ba.

Mai shayi ya miƙo mini hannu,
Na dafa ƙirji, bai ji haushi ba.

Na kashe rediyo bayan Isha'i,
Ban san adadin daren Alhamis ba.

Yau da Asuba na shiga masallaci,
Sahun gaba ban nema ba.

Na tsaya a ƙarshe, kusa da taga,
Wani ya yi tari, ban sallame ba.

Da liman ya kai ga Waladdallin,
Na ji amin ɗin da ban manta ba.

Hawaye ya jiƙa mini takunkumi,
Ban damu da in share shi ba.

Gurbin yayana yana sahun farko,
Wani ya tsaya a ciki, ban san shi ba.

Kasuwar Kurmi tana nan tana jirana,
Adaidaita har yau ban hau ba.

Ɗana ya ce zai kai ni Ɗandolo,
Na ce ya bari, ban shirya ba.