Shawarwari ga Mai Digirin da Bai Samu Aiki Ba

A zaman da muka yi da wasu matasa masu digiri, yawancinsu sun yarda cewa wahala tana farawa ne a watan da alawus ɗin bautar ƙasa na naira 77,000 ya yanke, don haka suka ce a riƙa adana wani abu tun ana hidima. Sun fi ja kunne a kan dillalan takardar ɗaukar aiki, domin akwai wanda ya sayar da babur ɗinsa ya biya, ashe ta jabu aka ba shi. Wasu kuma sun ce a rungumi koyarwa a makarantun kuɗi, ko da albashin bai taka kara ya karya ba, a daina roƙon kuɗin mota a gida.