Laftop mai taɓawa a jika 95: in saya wa ɗiyata ko in dakata?

Malamin Firamare, Bagalam:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan na'ura, kuma ina son in same ta kafin Juma'a.

Ɗiyata ta fari ta ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, ta samu gurbi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi, fannin aikin gona. Tun ranar da sakamako ya fito na yi mata alkawarin kwamfuta. Wata goma muna zubin adashe da abokan aiki, na kwashi jika 100, uwarta ta ƙara 20 daga cinikin man gyaɗa. Iyakar ƙarfinmu ke nan.

Ran Litinin muka shiga wani shago kusa da Babbar Kasuwa. Mai shagon ya fito da wata ƴar laftop sabuwa dal a kwalinta, faɗin fuskarta inci 11 da ɗan ɗoriya, ana lanƙwasa ta baya ta koma kamar allo, ana latsa gilashin da yatsa irin na waya. Ya ce da jika 140 take, ya karya ta zuwa 95, saura uku kawai. Na kwafe abin da ke jikin kwalin a bayan littafin shirya darasina: Celeron N4020, RAM giga 4, ma'aji giga 64 eMMC, Windows 11.

Yarinyar ta aza yatsa a gilashin, shafi ya zame sama, ta waiwayo ta dube ni tana murmushi. Ba ta ce komai ba, don ba mai roƙo ba ce, amma na gane. Sai dai kuɗin nan ba zan iya sake tara su baɗi ba. Wannan na'ura za ta kai ta shekara uku har ta rubuta kundin kammala digiri? In za ta kai, gobe ma sai in biya.

Mai Gyara, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa albarka a karatun yarinya. Shawarata kar ku saya, kuma ga dalili.

Irin wannan tana zuwa teburina kusan kowane mako. Giga 64 ɗin nan, Windows da sabunte-sabuntenta suna cinye kusan rabi tun ba a ajiye ko takarda ɗaya ba. A sa Word da Excel, a tara darussa da hotunan gona, kafin ƙarshen zango ta cika. Abin da ya fi ciwo shi ne ma'ajin eMMC ɗin manne yake da uwar na'urar, galibi RAM ɗin ma haka, wato inda take riƙe aikin da ake cikin yi. In mutum ya kawo mini ita ya ce ta yi nauyi, ba abin da zan iya cirewa in sa babba. Celeron ɗin ma, wato injin da ke sarrafa aikinta, ƙwaƙwalwa biyu gare shi, in ta buɗe shafukan intanet biyar da Word a lokaci guda sai ta zauna jira.

Sai gilashin. Taɓawar nan ita ce ke sayar da na'urar, ita ce kuma ke fara kawo ta wurinmu. Ɗaliba ce, jaka a baya, a hau kabu-kabu, a sauka, a cusa littafi. Gilashin da ba na taɓawa ba in ya fashe ana samun na canji cikin sauƙi. Mai taɓawa sau da yawa haɗe yake da fuskar, sai an aika Kano an nemo, kuma kuɗinsa kan kusa kai rabin kuɗin na'urar. Na sha ganin wanda ɗan tsagi kawai ya yi a kusurwa ya fara latsa kansa, shafuka na buɗewa ba wanda ya taɓa. Ga shi da sheƙi: a ƙarƙashin bishiya da rana fuskarka za ka riƙa gani maimakon rubutu. Yana kuma ƙara jan batir, ku kuwa kun san yadda wuta take a Afrilu da Mayu.

Da jika 120 ni ta hannu zan nema, irin waɗanda ofisoshin Turai suka sallama: ThinkPad T480, ko Latitude 7490, ko EliteBook 840 G5. A tabbata injinta i5 ne, RAM giga 8, ma'aji irin SSD giga 256. Ku duba lambar da ke bayan i5 ɗin, ta fara da 8, wato zubi na takwas, misali 8250U. In da 7 ta fara ku bar ta, don Windows 11 daga zubi na takwas take karɓa, ita kuwa Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025. Mai yiwuwa a ce muku sai kun ɗan ƙara wani abu, ku yi ciniki.

Batir shi ne raunin ta hannu. Kafin ku biya, a buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta powercfg /batteryreport. Za ta ajiye rahoto a fayil, a buɗe shi a duba lamba biyu, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. In na biyun bai kai kashi biyu cikin uku na na farko ba, a rage muku kuɗin sabon batir.

Ɗaliba, shekara ta biyu:

Baba Malam, ina wuni. Abu ɗaya zan ƙara da ya ba ni wahala. Ku dubi layin farko na haruffa a madannai. In ya fara da AZERTY, na Faransanci ne, akwai é da è da ç da à a kai. Waɗanda ke shigowa ta Dan Issa daga Kano yawancinsu QWERTY ne, babu waɗannan haruffa a kai, ga shi da Faransanci muke rubutu. Tawa haka take, na sayi ƴan takardun mannawa na liƙa, zafi ya ɗaye su cikin wata biyu. Yanzu hannuna ya haddace, amma rahotona na farko malami ya ja jan biro a ƙarƙashin kowace kalma da ba ta da lafazi.

Kuma in an nuna muku wata mai arha sosai da aka rubuta Chromebook a murfinta, ba Windows ce a ciki ba. Ƙawata ta saya, QGIS da ake zanen taswira da shi bai hau ba.

Mai Zanen Ɗinki, Zariya:

Ni dai ban yarda a yi wa taɓawa kuɗin goro ba. Shekara biyu ina zana surfani a kan tawa da alƙalaminta, ban taɓa kai ta gyara ba. Mai karatu ma yana amfana, ya lanƙwasa ta ya karanta PDF yana ja wa layi. Amma gaskiyar Mai Gyara ce a kan giga 64, tawa SSD gare ta. In ran yarinyar na kan taɓawa, akwai ThinkPad Yoga na hannu, X380 yawanci zubi na takwas ce. A buɗe Paint a ja layi da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, duk inda layin ya yanke gilashin ya mutu a nan.

Malamin Firamare, Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta mata amsoshinku duka a tsakar gida, uwarta na ji. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko gilashin in ya fashe ni zan sake biya. Na ce ni ne. Ta ce to a nemo mai ƙarfin, ko ba ta taɓawa ba ce.

Duk da haka zan tambayi Yoga ɗin nan, in kuɗin sun kai ina son ta samu abin da ta gani ta so. Na duba hoton da na ɗauka a shagon, waccan ɗin ma QWERTY ce, ban lura ba sai da ɗalibar nan ta faɗa.

Mai Gyara, in ba zan takura maka ba, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu shiga kasuwa ni da ita. Ka raka mu ka duba mana batirin, kuɗin ƙafarka na wuyana. Na aika maka saƙo ta ciki.