'Yata mai shekara 13 tana hira da wani baƙo a waya, in ƙwace wayar ko yaya zan yi?

Uwar_Uku:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema, tun daren jiya ban runtsa ba. Babbar 'yata shekararta 13, mun ba ta tsohuwar wayata ne saboda aikin makaranta da ake turo musu. Jiya ta bar ta a caji ta shiga wanka sai saƙo ya shigo, na ɗauka na duba, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe ta buɗe asusu a ɗaya daga cikin manhajojin nan na bidiyo ba da sanina ba, ta sa shekarunta 19, kuma akwai wani da suka yi kusan wata biyu suna hira. Shi wai ɗan shekara 15 ne, amma ni uwa ce, na san rubutun yaro, wannan ba yaro ba ne. Da farko yabo ne kawai, kin fi ƙawayenki hankali, a gidanku ba a fahimtarki, ni kaɗai na san darajarki, daga nan ya tambayi sunan makarantarsu da lokacin da ake tashi, yanzu kuma ya fara cewa ta turo masa hoton da ba wanda ya taɓa gani kuma su koma wata manhaja inda saƙo yake gogewa da kansa. Iya abin da na karanta ba ta tura ba, ta ce masa tana jin tsoro, shi kuma ya yi fushi wai ba ta yarda da shi ba.

Ban nuna mata na gani ba, babanta ma ban faɗa masa ba tukuna don na san halinsa, a take zai karɓe wayar ya rufe ta da faɗa. Ni kaina zuciyata abin da take ce min ke nan, amma kuma ina tsoron kar in yi abin da zai sa ta ƙara nisa da ni. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan yaya kuka yi? Kuma akwai yadda ake saita wayar nan ne? Ni ban iya komai a kanta ba bayan kira da WhatsApp.

Baban_Samari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a ganina ba wani dogon tunani, ki karɓe wayar yau ɗin nan, kuma ki faɗa wa mahaifinta, haƙƙinsa ne ya sani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Me yarinya 'yar 13 za ta yi da soshiyal midiya? Ƙasar Ostireliya gaba ɗayanta ta yi doka a ƙarshen 2024 ta hana 'yan ƙasa da 16 mallakar asusu, dokar ta fara aiki a Disambar 2025, kuma kamfanonin aka ɗora wa nauyin hana su, ba yaran ba. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa yaran da ke wuce awa 3 kullum a kafafen nan haɗarin shigarsu damuwa da ƙuncin rai yana ninkawa. In masu ƙera abin suna tsoronsa a gidajensu mu me muke jira? Nawa yaran sai sun kai 16 suke riƙe babbar waya, kafin nan ƙarama mai madannai, kira da tes, shi ke nan.

Yayar_Gida:
Anti don girman Allah kar ki fara da ƙwacewa, ki bari in ba ki labarina. Baba ka yi haƙuri ba musu nake da kai ba, amma ni abin ya faru da ni. Ina 14 mamata ta kama irin wannan hirar a wayata, ta karɓe, aka yi min faɗan da har yau ina tunawa, aka faɗa wa kowa a gida. Kin san me na yi? Washegari a makaranta na ari wayar ƙawata na shiga asusuna, don fasuwod ɗin yana kaina ai ba a cikin wayar yake ba, na ba mutumin labarin duk abin da aka yi min, shi kuma ya ce ai dama na faɗa miki ba sa sonki. Kin ga an miƙa masa ni ke nan a hannu. Ka ƙi naka duniya ta so shi. Wata uku muka ƙara yi muna hira ba wanda ya sani, kuma lokacin da ya fara yi min barazana ba wanda zan iya tunkara don na riga na san hukuncin da ke jirana, yayata ce ta lura ba na cin abinci ba na barci ta zaunar da ni.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a saƙonki shi ne yarinyar ta ce masa tana jin tsoro kuma ba ta tura ba. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne Anti, wata biyu babban mutum yana lallashinta ta ƙi. Da wannan za ki buɗe maganar. Ki zauna da ita ku biyu, ki faɗa mata gaskiya cewa kin gani, kar ki yi mata wayo kina tambaya kamar ba ki sani ba don in ta yi ƙarya sai maganar ta koma ta ƙarya a bar ainihin matsalar. Ki ce mata kin ji daɗi da ta ƙi, ki ce laifin nasa ne, sannan ki tambaye ta ko akwai abin da ta tura da ba ki gani ba kuma ki yi alkawarin ko mene ne ba za ki yi ihu ba. Sai fa ki cika alkawarin.

Mai_Gyaran_Waya:
Hajiya sannu, Allah ya kare mana su. Ni ɓangaren saiti zan taɓa. Ba ki faɗi wace manhaja ba ce, to bari in yi bayanin manyan.

Babban abin da ya buɗe ƙofar shi ne 19 ɗin nan da ta sa. Yawancinsu Facebook, Instagram, TikTok, Snapchat, ƙa'idarsu sai mai 13, kuma asalin lambar daga wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana kamfani tattara bayanan yaro ɗan ƙasa da 13 ba da izinin iyaye ba, wato ba wani likita ne ya zauna ya ce 13 ta isa ba. To amma in yaro ya sa shekarunsa na gaskiya akwai kariyar da take hawa kansa kai tsaye. A TikTok ɗan ƙasa da 16 asusunsa a rufe yake zuwa kuma ba ya iya tura saƙon sirri ko karɓa kwata-kwata, sannan duk ɗan ƙasa da 18 an sa masa iyakar minti 60 a rana. Instagram kuma tun Satumbar 2024 suka kawo asusun matasa, a rufe yake, sai wanda yaron yake bi ne zai iya turo masa saƙo, sanarwa tana yin shiru daga 10 na dare zuwa 7 na safe, kuma ɗan ƙasa da 16 ba zai iya sassauta saitin ba sai da amincewar uwa ko uba. Duk wannan da ta rubuta 19 ya zube, manhaja ta ɗauke ta babba. Shi ya sa ko da za ku bar ta ta ci gaba, wannan asusun dai a goge shi a buɗe sabo da ranar haihuwarta ta gaskiya.

Amma kar ki goge komai yanzu. Ki fara ɗaukar hoton hirar da sunan asusunsa da kwanan wata, kuma ki yi da wata wayar daban ki ɗauki fuskar wayar tata, domin irin su Snapchat in aka yi sikirinshot suna sanar da ɗayan, sai ya goge ya gudu. Bayan nan ki yi ripot ɗinsa a cikin manhajar ki zaɓi dalilin da ya shafi ƙananan yara, sannan bulok.

Maganar haɗa wayarki da tata kuma, in Android ce akwai Family Link na Google, kyauta ne, ba za ta sauke sabuwar manhaja ba sai kin amince daga wayarki, kina iya sa lokacin da wayar za ta kulle da dare. In iPhone ce Screen Time yana ciki. TikTok suna da Family Pairing, Snapchat suna da Family Center wanda yake nuna miki da wa take magana amma ba abin da suka ce ba, kuma ki tabbata taswirar Snapchat tana kan Ghost Mode don kar a riƙa ganin inda take. A WhatsApp ki shiga saitin sirri ki mayar da hoton fuska da masu iya sa ta a guruf su zama lambobin da ta ajiye kawai. Gaskiyar magana dai ina ganin yara kullum a wajen aikina, yaron da ya yi niyya zai iya zagaye duk wannan da wayar aboki, shi ya sa nake cewa a yi saitin tana zaune tana kallo, ki faɗa mata me kika kunna da dalili.

Malamar_Aji:
'Yar'uwa abin da kika lissafa, yabo, raba yaro da iyayensa, tambayar makaranta, neman hoto, a koma inda saƙo ke gogewa, fushin ƙarya in an ƙi, wallahi tsari ne da suke bi ɗaya bayan ɗaya kuma ba 'yarki kaɗai yake wa ba. Tunda ya san sunan makaranta da lokacin tashi ni ba zan tsaya a bulok ba, ki kai wa 'yan sanda hotunan hirar, ki sanar da shugabar makarantar a asirce, kwanakin nan kuma a riƙa zuwa ɗaukarta. Babanta dole ya sani kam, a nan ina tare da Baban_Samari, sai dai ki same shi shi kaɗai tukuna ya huce kafin ya ga yarinyar.

Ina so in ja hankalin masu 'ya'ya maza ma, don mun fi sa ido a kan mata. Hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a 2022 kan masu buɗe asusu da hoton budurwa su yaudari samari, yawanci 'yan 14 zuwa 17, da zarar yaro ya tura hoton tsiraici sai a juya masa a ce ya turo kuɗi ko a watsa wa 'yan ajinsu da danginsa. Wani lokaci daga sallama zuwa barazana dare ɗaya ne, kuma akwai yaran da suka kashe kansu saboda kunya kafin iyaye su san me ake ciki. In ya faru kar a biya ko sisi, in ka biya ƙari za su nema. Kar a tura hoton ga kowa ko da sunan neman taimako. Akwai wani shafi Take It Down na cibiyar kare yara ta NCMEC da ke Amurka, kyauta, don hotunan da aka ɗauka mutum yana ƙasa da 18, hoton ba ya barin wayar, wata lamba ce kamar zanen yatsa ake cirowa daga jikinsa a ba kamfanonin da suke cikin tsarin su gano shi su sauke. Ba ya kaiwa ko'ina da ko'ina amma yana rage ɓarna sosai.

Ni nawa yaran abu ɗaya na maimaita musu har sun haddace, duk ranar da wani abu ya tsorata ku a waya kuka zo kuka faɗa min da bakinku, ba zan karɓe wayar a kan wannan ba. Kuma duk gidan har ni da babansu a falo wayoyi suke kwana.

Baban_Samari:
'Yata Yayar_Gida na ji labarinki kuma ya taɓa ni, ban taɓa tunanin maganar fasuwod ɗin nan ba. Na yarda a fara da zama. Amma har yanzu ina nan a kan cewa 13 ta yi ƙanƙanta, a yi maganar cikin lumana, a goge asusun, kar a buɗe wani sai nan da shekara biyu ko uku.

Uwar_Uku:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Na ɗauki hotunan da wayar babanta bayan na yi masa bayani, ya yi shiru ya fi minti goma sannan ya ce in fara yi mata magana ni kaɗai. Da daddare na kira ta ɗakina, ina cewa na ga saƙonnin sai jikinta ya hau rawa, da na ce na ji daɗi da kika ƙi sai ta fashe da kuka ta ce sati biyu ke nan tana so ta faɗa min tana tsoron a karɓe wayar a kuma faɗa wa ƙannenta. Ta rantse ba ta tura komai ba sai wani hoto da kayan makaranta. Wannan ɗin ya dame ni don bajen makarantar ya fito a jiki, gobe da safe babanta zai je wajen 'yan sanda ni kuma zan ga shugabarsu. Mun yi ripot da bulok tare, ita ta danna da hannunta.

Maganar sabon asusu ba mu yanke ba, babanta yana ɓangaren Baban_Samari, ni ina ganin gara wanda nake gani da wanda za ta buɗe a ɓoye. Ta kuma ce min akwai ƙawarta 'yar ajinsu da shi mutumin yake wa magana, ta roƙe ni kar in faɗa don kar a ce ita ta tona. Malamar_Aji don Allah yaya zan tunkari uwar yarinyar ba tare da na jefa tawa a ciki ba? Ban santa sosai ba, gaisuwa ce kawai a bakin get.

Malamar_Aji:
Kar ki bari ya kwana biyu 'yar'uwa. Tunda gobe za ki ga shugabar, ki ba ta sunan asusun mutumin da sunan ɗaya yarinyar, ki roƙe ta ita ta kira uwar ta ce makaranta ce ta samu labari, ba sai sunan 'yarki ya fito ba. Amma ki faɗa wa 'yarki yau cewa za ki yi hakan da yadda za ki rufa mata asiri, kar ta ji daga baya a bakin wani, yanzu ne ta fara sakin jiki da ke. In shugabar ta amsa ki dawo ki faɗa mana yadda ta kaya.