Rigar maman da nake sawa tana hawa baya, hannunta kuma yana cin kafaɗa

Ummu Nabila: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, abin ya ishe ni. Tun kafin in yi aure rigar mama lamba 38B nake sawa. Mai sayarwa ce ta dube ni ta miƙo min, ta zauna min daidai a lokacin, ban sake canzawa ba. Na haihu, na shayar, na yaye, jikina ya ɗan ragu amma ba sosai ba, don tufafina na da duk suna shiga. Yanzu kowace na sa, kafin rana ta raba bayanta ya haura har tsakanin allon kafaɗuna, gaban kuma ya zazzago. Sai in ƙara jan hannun, shi kuma ya nutse a kafaɗa ya bar min jan layi, da yamma wuyana ya riƙe. Ƙarfen da ke cikin rigar ta ɓangaren dama yana sukata kusa da hammata, ga wasu ƙuraje masu ƙaiƙayi sun fito a ƙarƙashin mama. Na ɗauka tsofaffin ne suka saki, na sayo sababbi masu soso, duk 38B, amma ba ta canza zani ba. Aikina na tsayuwa ne, ba halin in riƙa gyara riga a gaban mutane. In koma 40 ne ko in daina sa mai ƙarfe gaba ɗaya?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki kuskura ki koma 40, ƙara ɓata lamarin za ki yi. Baya mai hawa sama alama ce ta cewa ɗamarar rigar, wato zagayen da ya bi ta ƙarƙashin mama zuwa baya, ta yi miki yawa. Ɗamara ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, hannu aikinsa kawai ya kwantar da kofi, wato mazaunin mama, a jiki. In ɗamara ta yi sako-sako sai abin ya zama kamar sikeli, gaba ya sauka baya ya tashi. Ke kuma duk sanda kika ja hannun, bayan kike ƙara ɗagawa. Ba ki faɗa mana awonki ba, shi ne kan gaba. Ki samo tef irin na tela. Ki tuɓe, ki tsaya a gaban madubi, ki zagaya tef ɗin a ƙarƙashin mama daidai inda ya haɗu da ƙirji, ki saki numfashi, ki ja ya kama jiki amma kada ya nutse. Ki duba ta baya ki tabbatar yana miƙe, bai karkace ba. Sai awo na biyu a inda mama ya fi cika, wannan ba a ja, a ɗora kawai ake yi. Tunda kin shayar, ki maimaita na biyun a sunkuye, ƙirjinki na kallon ƙasa, don a tsaye maman da ya kwanta yana ba da awo ƙasa da gaskiyarsa. In al'adarki na gab da zuwa ki bari ta wuce, mama yana kumbura a lokacin.

Ummu Nabila: Na gode Anti. Na auna da inci. Ƙasa 33, sama a tsaye 38, a sunkuye 40. Amma fa ni na san kofin bai yi min kaɗan ba, don har rami ake gani a samansa, yatsuna biyu suna shiga.

Hajiya Turai: To ai lambarki ba ta ɓata ba. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, in awon ƙasa ya faɗa a lamba mai rabuwa biyu a ƙara 4, in ba ta rabuwa a ƙara 5. Ke 33 da 5 ya ba da 38. Tsakiyar awonki na sama 39, bambanci inci ɗaya, wato A. Ramin da kike gani ma ya nuna hakan. Ki gwada 38A mai faɗin hannu, wanda bai gaza faɗin yatsu biyu ba, kuma mai layin ƙugiya uku a tsaye, don faɗin baya yana hana ta hawa. Waɗanda kika riga kika saya kuma, tela zai iya naɗe inci ɗaya a kowane gefen baya kusa da ƙugiya ya ɗinke da zare mai ƙarfi.

Anti Rabi: Hajiya, ki yi haƙuri, wannan lissafin ne ya jefa mata da yawa cikin halin da take ciki. An yi shi ne zamanin da yadin rigar mama ba ya miƙewa sosai. Na yanzu roba ce a cikinsa, ɗamara mai lamba 38 tana buɗewa har inci 38 ko fiye, yaya za ta riƙe ƙirji mai inci 33? Ummu Nabila, ki ɗauki 33 ki kai ta lamba mai rabuwa biyu da ke kusa, 34. Ki cire 34 daga 39, saura 5. A tsarin Ingila inci ɗaya A, biyu B, uku C, huɗu D, biyar DD, shida E. Ke 34DD za ki fara gwadawa. In kika sa 38A ƙarfen zai ƙara tsukewa, shi kuwa yanzu ma a kan naman mama yake zaune shi ya sa yake sukarki. Ƙarfe ya kamata ya kewaye mama gaba ɗaya ya kwanta a kan haƙarƙari, bakinsa ya tsaya a bayan inda mama ya ƙare ta wajen hammata.

Ummu Nabila: DD fa Anti? Ni ba mai babban ƙirji ba ce, duk wanda ya gan ni ya sani. Kuma 34 ɗin nan na taɓa gwada ta ƙanwata, 34B, da ƙyar ta ɓallu, numfashi ma ya gagare ni. Shi ya sa nake ganin maganar Hajiya ta fi kusa da abin da nake ji a jikina.

Anti Rabi: Harafi shi kaɗai ba ya nufin girma, yana tafiya ne da lambar ɗamara. Duk sanda aka rage ɗamara da mataki ɗaya aka ƙara harafi ɗaya, cikin kofi yana nan yadda yake. 38B da 36C da 34D duk kofi ɗaya ne. Kin ga 34DD mataki ɗaya tak ta fi wadda ke jikinki yanzu. Ta ƙanwarki kuwa, 34B, kofinta ya gaza naki da mataki biyu. Mama bai samu wurin shiga ba sai ya ture rigar gaba, ya cinye tsawon ɗamarar, ke kuma kika ɗora laifin a kan 34. Ga yadda ake gwada ɗamara ita kaɗai: ki juya rigar, kofi a bayanki ƙugiya a gaba, kada ki sa hannun, ki ɓalla a layin da ya fi sako-sako. In yatsu biyu sun shiga ƙarƙashinta kuma kina numfashi lafiya, ɗamarar taki ce. In da gaske ta matse, wasu kamfanonin yadinsu ya fi tauri, sai ki gwada 36D. Sabuwar riga a layin waje ake fara ɓalla ta, na ciki an bar su ne don lokacin da roba ta fara saki.

Maman Ilham: Zancen ramin nan ne ba a yi masa bayani ba. Kofi mai soso an gasa shi ne a siffa ɗaya, ba ya bin jiki, jiki ne zai bi shi. Maman da ya shayar yakan yi laushi, cikarsa ta koma ƙasa, saman ya kwanta, don haka ko lambar ta yi daidai sai a ga rami a sama. Kuma in ɗamara ta yi yawa kofin yana karkata ya bar ƙirji, nan ma rami ne. Abin takaici masu yin kayan nan sun cika ko'ina da mai soso saboda ta fi kyau a rataye, mai ɗinki kuwa sai an sha wuya kafin a samu. Ki nemi wadda aka haɗa kofinta da yanki uku, samanta leshi mai miƙewa. In kin sa ki sunkuya, ki zura hannun hagu cikin kofin dama, ki kwaso nama tun daga ƙarƙashin hammata ki kawo shi gaba, haka ɗaya ɓangaren. Sai bayan nan ne ake yanke hukunci. Ki duba ɗan yankin da ke tsakanin kofi biyu ya kwanta a ƙashin ƙirji, ba nama da ya tsallake ta sama ko ta gefe, sannan ki ɗaga hannuwa sama ki ga ko mama zai leƙo ta ƙasa.

Zulai: Ni abin da ke ɓata min rai shi ne lambobin kansu ba su da amana. 34 ta Ingila ita ce 75 a yawancin Turai, a Faransa kuma 90. 36 ita ce 80, a Faransa 95. Haruffa ma haka, yawancin kamfanonin Turai ba su da DD, daga D sai E, don haka 34DD ɗinki a wajensu 75E ce. Amurka kuma wasu suna rubuta DDD a inda Ingila ke rubuta E. Sannan ga masu buga S da M da L kawai, ko su liƙa lambar da suka ga dama. Ki riƙa tafiya da tef. Ki shimfiɗa rigar ki ja ɗamarar iya inda take miƙewa ba tare da tilas ba, ya kamata ta kai wajen inci 34.

Maman Sadik: Ni dai shawarata ta bar mai ƙarfe kwata-kwata, ana cewa ma yana kawo ciwon daji.

Sista Maryam: Maman Sadik, wannan maganar ba ta tabbata ba. A 2014 masu bincike a cibiyar Fred Hutchinson da ke Amurka sun duba matan da suka daina al'ada, ba su ga alaƙa tsakanin sa rigar mama, mai ƙarfe ko marar ƙarfe, da sankarar mama ba. Amma ni ma zan ce ta ajiye ƙarfe na ɗan lokaci, saboda ƙurajen. Anti Rabi, nan na saɓa da ke, fata ce ta farko kafin lamba. Ɗamara mai motsi tana gogar wurin, gumi ya taru, ƙwayar fungas ta samu wurin zama, in kuma aka ɗora matsattsiyar 34 a kan fatar da ta riga ta ji ciwo za ta ƙara tsagewa. Ummu Nabila, ki wanke wurin da ruwa da sabulu marar ƙamshi, ki tsane shi sarai kafin ki sa komai, ki sa mai auduga ta ciki, ki canza kullum. In wurin ya yi ja yana tsatstsafo ruwa ko yana wari, ki je a duba a rubuta miki magani. Kada ki shafa man bilicin ko haɗe-haɗen man da ba ki san abin da ke ciki ba, wasu suna kwantar da ƙaiƙayi su ƙara wa fungas ƙarfi. Sukan da kike ji a dama kaɗai, mai yiwuwa wannan ɓangaren ya ɗan fi girma, abu ne da aka saba gani. Babban ake bi wajen zaɓen kofi, ƙaramin a rage masa hannu ko a sa masa ɗan soso. Amma in kin taɓa kin ji ƙullutu, ko fatar ta loɓa, ko jini na fita daga kan nono, wannan ba zancen riga ba ne, asibiti za ki. Yaushe kika yaye ne? Mama yana ci gaba da canzawa watanni bayan yaye, kada ki kwashi da yawa yanzu.

Anti Rabi: Sista, ban ƙi a bar fata ta warke ba, amma muddin tana cikin 38 gogar ba za ta tsaya ba. Akwai 34DD marar ƙarfe, ta nemi wannan, faɗin ɗamararta ya kai yatsu uku.

Zulai: Kuma wanki ma yana kashe su. Ruwan zafi da murɗawa da shanya a tsakiyar rana duk suna cinye roba. Ruwa mai sanyi, a ɓalla ƙugiya, a matse a cikin tawul, a shanya a inuwa ta tsakiyarta ba ta hannu ba. Kada a sa guda ɗaya kwana biyu a jere.

Ummu Nabila: Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Ƙullutu dai babu. Gaskiya ba zan iya zubar da sababbin nan ba, ko wanki biyu ba su sha ba. Zan kai wa tela ya rage bayan kamar yadda Hajiya ta ce, in na samu hali kuma in gwada 36C, tunda ita ce a tsakiya. DD ɗin nan har yanzu ban gan ta a jikina ba.

Anti Rabi: 36C kofinta ɗaya da 38B da kike sawa, ƙarfen zai ci gaba da sukarki a wuri ɗaya. In kuma tela ya rage bayan, ɗamarar ta kama sosai, kofin da ya yi kaɗan zai fi danne ki. In 36 kike so, 36D. Ki yi gwajin juyawar nan tukuna ki zo ki gaya mana.

Hajiya Turai: Ba kowa ke jure matsi ba Rabi, wata inci ɗaya ma yana hana ta sakat. A bar ta ta fara da abin da ke hannunta.

Maman Ilham: Ummu Nabila, ba ki amsa tambayar Sista ba, wata nawa da yayen?

Fa'iza: Don Allah ni ma a duba min, ƙasa 29, sama 35, hannun kullum zamewa yake.