Wai duk wannan taron na ƙwallon ɗalibai ne?

Baban Ɗalibai: Jama'a, ɗiyata da ke karatu a Jami'ar Michigan ta turo min hoton filin wasansu, cike maƙil, kowa sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa. Wai ɗalibai kawai aka zo kallo? Abin ya ɗaure min kai.

Ɗan Zazzau: Alhaji, su ne fa. Tun 1927 aka buɗe filin, yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake bugawa da hular kwano.

Uwargida: Ka tambaye ta adawarsu da Jami'ar Ohio State, tun 1897 suke karawa. A makon wasan, 'yan Ohio har soke harafin M, farkon sunan Michigan, suke yi a allunan jami'arsu.

Baban Ɗalibai: Ikon Allah! Bayan isha'i zan kira ta in ji ko ta samu tikiti.