Ina ruwan da ke shiga Bahar Rum ta mashigin Jibiralta yake tafiya?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa a mashigin Jibiralta, inda kusan kilomita 14 kacal suka raba Sifaniya da Maroko, ruwan Atilantika kan kwarara cikin Bahar Rum dare da rana. To ina wannan ruwa yake tafiya, har tekun bai cika ya tumbatsa ba?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ruwan da zafin rana ke ƙafarwa daga Bahar Rum ya fi wanda koguna da ruwan sama suke zubawa, shi ya sa gishirinsa ya kai wajen giram 38 a kowane kilo, alhali na Atilantika wajen 36 ne. Mai gishirin ya fi nauyi, sai ya nutse ya fice yamma ta ƙarƙashi, maras nauyin kuma ya shigo gabas ta sama, kamar yadda mai ke hawa kan ruwa. Abin da ke shiga ya ɗan fi abin da ke fita, kuma rarar ce ke cike gurbin wanda ya ƙafe.

Injiniya:
Malam ya yi bayani, amma a ganina cikowa da janyewar teku ta fi komai tasiri cikin sa'o'i. Akwai tudun Camarinal a ƙarƙashin mashigin, zurfinsa wajen mita 290 ne. Sau biyu a rana jan wata kan tura ruwa a kan wannan tudu da ƙarfin da yakan juya ruwan da ke shigowa ta sama ya koma yamma na ɗan lokaci. Idan ƙarfin ya lafa, sai manyan igiyoyi su tashi a tsakanin ruwan biyu, su nufi gabas, har tauraron ɗan'adam yana hango sawunsu layi-layi a fuskar teku.

Hajiya Mai Nazari:
Allah ya ƙara basira. Kada a manta da iska. Ta gabas, wadda mutanen Tarifa, garin Sifaniya da ke bakin mashigin, ke kira Levante, takan rage saurin ruwan da ke shigowa, ta yamma kuwa, Poniente, ƙara masa gudu take yi. Da ruwan Atilantikan ya fita mashigin kuma, yakan lanƙwashe ya yi babban zagaye a tekun Alboran, wato ɓangaren Bahar Rum da ke daf da mashigin ta gabas, yana juyawa irin juyin hannun agogo kafin ya ci gaba gabas.